Kaburburan kofun na Japan: me kariya take hanawa, kuma me ke lalata su duk da haka?

Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan tuddan kaburburan Japan ce, waɗanda ake kira kofun, da aka gina tsakanin ƙarni na 3 da na 7. A hotunan da aka ɗauka daga sama, na Daisen da ke Sakai kurmi ne, ruwa ya zagaye shi, ba mai shiga. Na Goshikizuka da ke Kobe kuwa duwatsu ne a jere, jama'a na hawa har samansa. Kuma duka biyun an ce ana kare su. To wanne ne daidai? In an ayyana tudu wurin tarihi, me ake yi masa a aikace, kuma me ke ɓata shi bayan nan?

Malamar_Tarihi:

Wa alaikumus salam. Malam, ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Daisen, mai tsawon mita 486 da ramukan ruwa uku kewaye da shi, yana hannun Hukumar Kula da Gidan Sarauta, wadda ta ɗauke shi kushewar Sarki Nintoku. A wurinta makwancin kakan sarki ne, don haka ba a hawa. Shigarsa jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2019, cikin tuddai 49 na yankunan Mozu da Furuichi, bai buɗe ƙofar ba.

Goshikizuka kuma yana ƙarƙashin Dokar Kare Kayan Al'adu ta 1950, wadda aka kafa bayan gobarar da ta ci zanen bangon haikalin Horyuji a 1949. Wurin da aka ayyana sunansa shiseki, akwai kuma matakin da ya fi shi, na musamman. Da zarar an ayyana, ko da filin naka ne, ba ka haƙa, ba ka gini, ba ka sauya kamannin wurin sai da izini, manyan ayyuka kuma sai shugaban Hukumar Al'adu ta ƙasa ya amince. In ƙaramar hukuma za ta sayi filin daga hannun mai shi, gwamnatin tsakiya na biyan kashi 80 cikin ɗari.

Sai dai kofun sun kai kimanin 160,000, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sami wannan matsayi. Sauran abin da doka ta ba su shi ne, wanda zai yi gini a wurin da aka san akwai kayan tarihi a binne ya sanar kwana 60 kafin ya fara. Sau da yawa a tona, a auna, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, sannan katafila ta shiga. A Mozu tuddai sun haura 100 a da, yanzu 44 suka rage. Tudun Itasuke ma a 1955 an fara gina gadar da motoci za su bi su kwashe ƙasarsa, mutanen gari da malamai suka tashi tsaye, aka ayyana shi a 1956.

Injiniyan_Ƙasa:

Bari in ɗora a kan bayanin Malama ta fannin ginin kansa. Kurmin nan ba na asali ba ne. Babban kofun ana tara ƙasarsa ne hawa biyu ko uku, a lulluɓe gangaren da duwatsu, fukiishi, manya a gindi, ƙanana a sama, sannan a jera haniwa, wato tulunan yumɓu gasassu, a kan kowane hawa. Goshikizuka mai mita 194 an mayar da shi wannan kama tsakanin 1965 da 1975. An ƙiyasta duwatsunsa na asali sun haura miliyan biyu, na hawa biyun sama kuma daga tsibirin Awaji aka tsallako da su.

Abu na farko da ke cin tudu shi ne ruwan ramin. Manoma sun daɗe suna tara ruwan ban-ruwan shinkafa a cikinsa, har ya ɗaga sama da inda magina suka tsara. Iska na kaɗa ruwan, yana lasar gindin tudun, ƙasa na zubewa, sai a wayi gari gindi ya zama gaɓa a tsaye. Maganinsa a rage ruwan, a tona siraran ramukan gwaji don gano inda ainihin gindin yake, sannan a jera duwatsun kariya a gabansa ba tare da an taɓa na asali ba.

Na biyu itatuwa, kuma nan ne ake yawan kuskure. Saiwa na ture fukiishi, tana fasa haniwa, tana kutsawa tsakanin duwatsun ɗakin gawa. In guguwa ta tuge babban itace, yakan taso da dunƙulen ƙasa tare da duk abin da ke cikinta. Amma in aka sare su duka lokaci ɗaya, ruwan sama zai sauka kai tsaye a kan tsirarar ƙasa, saiwoyin kuma in sun ruɓe su bar kafofin da ruwa zai bi zuwa ciki. Don haka kaɗan-kaɗan ake ragewa: a fara da dogaye da masu karkata, a yanke daga gindi ba a tuge kututture ba, a shuka gajeriyar ciyawa ta riƙe fuskar ƙasa. Gora ita ce mafi wahala, don jijiyarta a kwance take tafiya, sai an yi shekaru ana saranta.

In za a bar mutane su hau, ƙa'idar yau ita ce a rufe fuskar asali da sabuwar ƙasa, a ɗora matakala da kwafin haniwa a kanta. Girgizar ƙasa ce ba a da maganinta. Ta Fushimi a 1596 ta zabtare tudun Imashirozuka, ta Kumamoto a 2016 kuma ta tsage na Idera har ɗakin dutsensa ya taɓu.

Mai_Gyaran_Zane:

Ni abin da ya fi damuna cikin ɗakin ne. Takamatsuzuka a ƙauyen Asuka ya isa darasi. An gano zanen bangon kabarin a Maris na 1972, a ɗakin da faɗinsa da tsayinsa kowanne ya ɗan haura mita ɗaya, tsawonsa kimanin mita 2.7. Zanen yana kan shafen farar ƙasa mai kaurin 'yan milimita. Ɗakin ya shafe shekaru kusan 1,300 a binne, laimarsa dab da kashi ɗari, zafinsa ba ya sauyawa sosai.

In ka busar da shi, shafen ya tsattsage ya zubo. In ka bar laimar, fumfuna ta samu wurin zama, abincinta kawai take jira. Mai shiga kuwa yana kawo ɗumin jiki da numfashi da ƙwayoyin da ke jikin tufafinsa. A 2001 an yi aikin gyara a bakin ɗakin ba tare da cikakkiyar kariya ba, fumfuna ta ɓarke, ƙananan ƙwari suka riƙa yaɗa ta. Aka gwada sanyaya tudun, bai tsayar da ita ba. A 2007 dole aka kwance ɗakin, aka fito da duwatsunsa 16 ɗaya bayan ɗaya, gyaran zanen bai ƙare ba sai 2020. A Kitora da ke kusa shafen ya riga ya saki jikin dutse, sai aka ɓamɓare zanen tsakanin 2004 da 2010.

Shi ya sa wurare irin su Ozuka a Fukuoka da Torazuka a Ibaraki ba a buɗe su sai 'yan kwanaki, sau biyu a shekara, lokacin da ba zafi ba sanyi, kuma ta bayan gilashi ake kallo. In iska mai ɗumi ta taɓa dutse mai sanyi, raɓa ce za ta kwanta a kan zanen.

Neman_Sani:

Allah ya saka da alheri. Ke nan, Malama, rufewar da gidan sarauta ke yi ita ce ta fi?

Malamar_Tarihi:

Ta tsare tuddai da yawa daga masu gini, wannan ba musu. Amma ban yarda ta wadatar ba, don abin da ba a auna ba, ba a san yadda yake lalacewa ba. Ga kuma ilimin da ake rasawa. Takobin da ke cikin tudun Inariyama a Saitama an tono shi a 1968, sai a 1978 hoton ƙashi ya fito da haruffa 115 na zinariya a ƙarƙashin tsatsa, ɗauke da shekarar da galibin masana suka ɗauka 471 ce. Sannan Hukumar Kula da Gidan Sarauta na cewa Sarki Keitai yana binne a tudun Ota Chausuyama, alhali haniwan wurin sun girme shi. Masana sun fi karkata ga Imashirozuka, wanda da yake ba ya hannun gidan sarauta an bincike shi, yau kuma wurin shaƙatawa ne a Takatsuki.

A 2018 hukumar ta yi tono tare da birnin Sakai a kan tudun ƙasar da ke tsakanin ramukan ruwan Daisen, aka ga jerin haniwa da daɓen duwatsu. Irin wannan aikin nake goyon baya: a yi shi a gefe, a tona gwargwadon abin da gyara ke buƙata, a mayar da ƙasa, a buga sakamakon. Ɗakin da bai taɓa buɗuwa ba kuwa kada a taɓa shi sai an tanadi wurin adanawa da ma'aikata da kuɗin shekaru masu yawa.