Dan Allah masu antropoloji, wai dole sai na yarda da kowace al'ada kafin in ci kwas ɗin nan?

Ɗalibar aji ɗaya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah wanda ya taɓa yin kwas ɗin gabatarwa na antropoloji, wato nazarin ɗan Adam da rayuwarsa, ɓangaren al'adu, ya taimaka min don kaina ya ɗaure. Ni ba fannina ba ne, a cikin kwasa-kwasan zaɓi na ɗauke shi wannan semistar, yanzu satinmu huɗu. Da farko lafiya lau, an ba mu ma'anar al'ada ta Edward Tylor ta 1871, cewa ta ƙunshi sani da imani da fasaha da ɗabi'u da doka da duk abin da mutum ya koya a matsayinsa na ɗan al'umma, sannan aka ce a tsarin Amurka fannin ya rabu huɗu, al'adu, harshe, halittar jikin ɗan Adam, da tonon kayan mutanen da. Duk wannan na riƙe shi.

To jiya ne lakcaranmu ya zo da maganar da ta tsaya min a rai, wai mai nazarin al'ada ba ya cewa wannan ta fi waccan, kowace al'ada da mudun masu ita ake auna ta. Na ɗaga hannu na ce Malam, to in al'adar cutar da mutane take yi fa, kamar Aztek na ƙasar Meziko da suke yanka ɗan Adam don bauta, su ma sai mu ce ai mudunsu ne? Ya ce tambaya ce mai kyau za mu zo wajen, sai lokaci ya ƙare ya fita. Ni kuma wallahi tun jiya abin ke ci na, ina da addinina ina da tarbiyyata, akwai abin da ko kwana za a yi ana min bayani ba zan ce daidai ne ba. So ake in ajiye su a bakin ƙofar aji ne? Kuma in na rubuta abin da ke zuciyata a jarabawa kayar da ni za a yi?

Sai ta biyu, an ba mu asayimen wai kowa ya samu wuri ya zauna awa ɗaya yana kallon mutane, ya rubuto shafi uku. Me ake rubutawa a irin wannan fisabilillahi?

Tsohon ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, ni a fannin na yi digiri kuma ba wanda ya taɓa cewa in ajiye addinina. In kika san inda maganar ta samo asali za ki ga ba abin da kike tsoro ba ne.

A ƙarni na 19 masanan Turai da Amurka tsani suka kafa wa ɗan Adam. Lewis Henry Morgan a 1877 ya ce hawa uku ne, zaman daji, sai rabin wayewa, sai wayewa, kuma kin san wa suka ɗora a saman tsanin. Wasunsu irin James Frazer daga ɗakin karatunsu a Ingila suke rubutu kan mutanen da ba su taɓa zama da su ba, da rahoton 'yan mishan da matafiya kawai. Sai Franz Boas, Bajamushe, ya tafi tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada a 1883 ya yi kusan shekara cikin mutanen Inuwit, a wurin da in ba su nuna maka yadda ake tafiya a kan ƙanƙara ba ko kwana uku ba za ka yi a raye ba, ya ga mutanen da ake sakawa a ƙasan tsani sun san abin da shi mai digirin digirgir bai sani ba. Daga baya a Amurka ya auna kawunan baƙin haure da 'ya'yansu, mutum sama da 17,000, ya nuna cewa siffar kan yaran da aka haifa a can ta ɗan bambanta da ta iyayensu, alhali a lokacin ana cewa siffar kai gado ce da ba ta canzawa kuma da ita ake raba jinsi. Kin ga asalin maganar mudu faɗa ne da masu raina mutane tun kafin su san su.

Ga misalin da ni ya buɗe min ido. Wani masani Baturen Ingila, Evans-Pritchard, ya zauna da mutanen Azande a kudancin Sudan tsakanin 1926 da 1930. Rumbunansu a kan ginshiƙan itace ake ɗora su, in rana ta take mutane sukan shiga ƙarƙashi su sha inuwa. Gara tana cin ginshiƙan nan a hankali, wata rana rumbu ya rufto ya danne na ƙasa, sai a ce maita ce. Mai gaggawa zai ce jahilai ne ba su san gara ba. Sun san gara sarai, su da suke canza itacen in ya ruɓe. Tambayarsu daban ce: me ya sa ya rufto a daidai wannan lokacin, a kan waɗannan mutanen, ba jiya da ba kowa a wurin ba? Gara ta amsa yadda abin ya faru, maita ce amsarsu ga me ya sa ni. To shi Evans-Pritchard ɗin da ya fito da wannan bayani, a littafin nasa na 1937 ya faɗa ƙarara cewa mayu irin yadda Azande suke siffanta su babu su. Ya fahimce su ciki da bai, kuma bai yarda ba. A 1944 ma Katolika ya koma, ya ci gaba da aikinsa da addininsa.

A jarabawa abin da ake nema shi ne ki iya bayyana abu yadda masu shi suke ganinsa, har in ɗayansu ya karanta ya ce e, haka muke nufi. In kin yi wannan, sannan tambayar ta nemi ra'ayinki, ki faɗe shi da hujja.

Mai bin diddigi ya amsa:

Malam Tsohon ɗalibi ka yi bayani, amma gaskiya ka wanke fannin nan da yawa, kuma yarinyar nan ta cancanci ta ji ɗaya ɓangaren. Shi wannan Evans-Pritchard ɗin, wa ya tura shi wajen mutanen Nuwer a 1930? Gwamnatin mulkin mallaka ta Sudan ce ta nemi ya je, a lokacin da ba a daɗe da kai musu farmakin soja ba, don tana son sanin yadda za ta juya su. Shi kuma Malinowski da ake ta yabo cewa shi ya koya wa duniya zama cikin mutane, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918, da aka buga littafin sirrinsa a 1967 bayan ya mutu sai ga shi yana zagin mutanen da suka karɓe shi, da kalmomin da ba zan maimaita ba. Talal Asad ya tara masana a 1973 sun yi littafi guda a kan wannan alaƙa ta fannin da mulkin mallaka, ba ni na ƙirƙira ba.

Kuma 'yar'uwa, tambayarki ba ƙarama ba ce, su kansu manyan ta sha kayar da su. A 1947 lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya take shirya kundin haƙƙin ɗan Adam, ƙungiyar masana antropoloji ta Amurka ta aika da takarda tana jan kunne kada a ɗauki ƙimar Yammacin duniya a ɗora wa kowa. Akwai gaskiya a ciki, amma to wanda ake zalunta a cikin al'adarsu fa, wa zai tsaya masa? Ni abin da ke damuna da maganar mudun masu ita shi ne, su wane ne masu itan? Al'umma ba baki ɗaya take magana ba. Mai yanka da wanda ake yankawa ba mudu ɗaya suke riƙe da shi ba, kuma da yawa daga waɗanda Aztek suka yanka fursunonin yaƙi ne daga wasu garuruwa. Don haka kada ki bar lakcaran nan ya wuce tambayar, ki sake ɗaga hannu sati mai zuwa.

Maman 'yan biyu ta amsa:

Duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma abin da Mai bin diddigi ya kawo yana cikin manhajar, yawanci can wajen ƙarshen semista ake zuwa kansa. Ni ɓangaren lafiya nake, kwas ɗaya tak na yi a fannin nan amma har yau ina cin moriyarsa.

Ƙanwata ki duba abin da ya faru lokacin Ebola a 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo. Gawar mai Ebola tana yaɗa cutar sosai, to sai ma'aikata suka riƙa zuwa cikin fararen kaya sun rufe fuska, su saka gawa a leda su tafi da ita, dangi ba su ga fuska ba, ba su yi addu'a ba, wani lokacin ma ba su san inda aka binne ba. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiya suna binne matattu cikin dare, har a ƙauyen Womey na Gini aka kashe mutum 8 daga tawagar wayar da kai a watan Satumba. Masana antropoloji suna cikin waɗanda suka zauna da mutane suka tambaye su me ke cikin jana'izar da ba za su iya bari ba, me za a iya canzawa. A Nuwamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'idar binnewa wadda ta ba dangi da malaman addini wuri, a yi addu'a, a ga inda aka sa mamaci, ba tare da an taɓa gawar ba. Ba wanda ya ce taɓa gawar daidai ne, canza shi ake so a yi, amma bai canzu ba sai da aka tsaya aka ji me yake nufi a wurinsu.

Batun asayimen kuwa, ki raba shafinki biyu da layi. Hagu abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, dama abin da kike zato. Ni a nawa na rubuta cewa wani mutum ya shigo a fusace, malamar ta zagaye kalmar da jan biro ta rubuta a gefe, wa ya gaya miki? Abin da na gani kawai shi ne ya turo ƙofa da ƙarfi, bai kalli kowa ba, ya zauna a kujerar ƙarshe. Fushin nawa ne na ɗora masa, ƙila sauri yake, ƙila ƙofar ce mai tauri. Ki rubuta lokaci, ki ƙirga mutane, ki zana taswirar wurin, kuma kada ki sa sunan kowa ko ki ɗauki hoto.

Ɗalibar aji ɗaya ta dawo:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na samu nutsuwa. Yaya Tsohon ɗalibi labarin rumbun nan sau uku na karanta shi. Anti na bi shawararki, yau na zauna a bakin laburare daga 10:00 zuwa 11:00, mutum 64 suka shiga. Abin da ya ba ni mamaki, akwai wani dogon tebur mai kujera takwas, kuma duk wanda ya zo sai ya bar kujera ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi, har sai da mutum huɗu suka zauna a haka, na biyar ya zo ya tsaya ya kalli teburin kamar sakan goma, ga kujeru huɗu babu kowa, amma ya juya ya tafi wani wuri. Shekara nawa ina yin haka ni ma ban taɓa lura ba, kuma ba wanda ya taɓa koya min da baki. A ɓangaren dama na rubuta kunya, sai na tuna jan biron malamarki na sa alamar tambaya.

Malam Mai bin diddigi, ranar Talata zan sake ɗaga hannu in sha Allah, kuma da tambayarka zan je, su wane ne masu itan. Amma Anti, halas ne in bi shi wancan na biyar ɗin in tambaye shi me ya sa bai zauna ba, ko kallo kawai aka yarda?

Maman 'yan biyu ta amsa:

Ki fara duba takardar asayimen ɗin, in an ce kallo kawai to ki tsaya a kallo. In an yarda da tambaya, ki gaya masa ke ɗaliba ce kuma aikin aji ne, ki nemi izininsa, in ya ƙi ki yi masa godiya ki bar shi. In ya amsa, ki rubuta maganarsa da kalmominsa shi, a hagu.