Neman shawara: wane lambu za mu ziyarta kafin in yi dashe a tsakar gida?

Maman Safiya, Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Mun tare a sabon gida a bayan gari, tsakar gidan kuwa fili ne fetal, babu ko inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Tun da yara suna dogon hutu kuma damina ta kankama, ina so mu ware yini guda mu ziyarci lambun da aka tara itatuwa da furanni iri-iri, domin in gani da idona kafin in sayi dashe. Ƙanen maigidana ya turo mini hotunan lambun garin Limbe da ke kudu maso yammacin Kamaru, sun kuma ba ni sha'awa har ina tunanin mu yi tattaki can. Shin tafiyar za ta biya bukata, ko akwai wurin da ya fi dacewa a kusa? Ƙasar gidan jigawa ce mai tsakuwa, rijiyarmu kuma tana ja da baya daga watan Maris.

Baban Usman, tsohon ma'aikacin gandun daji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Lambun Limbe wuri ne mai tarihi, Jamusawa suka kafa shi a 1892, lokacin da ake kiran garin Victoria, domin gwada shuke-shuke irin su koko da kofi da roba. Amma ba tafiyar yini ba ce, sai kin hau mota zuwa Gaundare, kin kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan kin bi ta Duwala. Ko da kin isa, yawancin abin da zai burge ki ba zai rayu a gidanki ba, domin ƙasar can ba ta rabuwa da danshi. Debundscha, da ke kusa da Limbe, tana samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, mu kuwa a Garwa kimanin 1,000 ne, shi ma cikin watanni biyar zuwa shida.

Shawarata ita ce ki nufi gonar itatuwan marmari ta cibiyar binciken noma ta IRAD da ke Kismatari, kusa da gari, inda aka tara nau'o'in mangwaro da lemo waɗanda suka sha zafin bazararmu shekara da shekaru. Ki fara neman izini, kuma ki je a ranar aiki domin ki tarar da masu kula da wurin. Idan itatuwan daji kike son sani, Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da ɗakin ajiyar busassun ganyayyaki da malaman da suka san sunayensu.

Hajiya Inna, Marwa:
Ƙanwata, na goyi bayan Baba, sai dai ki sani damina tana rufa wa kowace shuka asiri. A watan Agusta komai kore ne shar, mai ƙarfi da rago duk ɗaya suke a ido. Saboda haka duk itacen da ya ba ki sha'awa, ki tambayi mai ban ruwa yadda yake kasancewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da kuma sau nawa ake ba shi ruwa a mako. Amsarsa ita za ta gaya miki ko rijiyarki za ta iya ɗaukar nauyinsa.

Ki kuma sunkuya ki duba gindin itacen, kada furanni su ɗauke miki hankali. Idan kin ga jar ƙasa ta hau ɓawon kamar an yaɓa, to gara ce ta fara aiki. Ki taka daga gindi zuwa inda inuwa ta ƙare, ki ƙirga taku nawa ne, domin mangwaron da kike gani cikin leda yau zai buƙaci filin da ya kai haka. Ni a gidana darbejiya ce ta rufa mini asiri, kamar yadda ta yi wa titunan Marwa, sai lalle a jikin katanga da zogale a bayan madafa.

Yayan Bilkisu, Garwa:
Hajiya, a gafarce ni, ina da ja a kan darbejiya. Inuwarta babu kamarta, amma a ƙaramin gida saiwarta tana ɗaga daɓe, tana kuma bin danshi har ramin bayan gida. Ya fi kyau Maman Safiya ta dasa ta a ƙofar gida, nesa da katanga, ta bar tsakar gida ga lemun tsami da gwaiba da gwanda, da mangwaro ɗan aure guda ɗaya. Wajen saye ta duba mahaɗar auren ta tabbatar ta warke, kuma wajen dashe kada ta binne ta cikin ƙasa. Ta haƙa rami mai zurfin rabin mita, ta cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu, ta gama dashen kafin Agusta ya fita domin saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba.

Malama Hauwa, Gaundare:
Tun da da yara za a je, ku fita da sassafe, kowa da rufaffen takalmi saboda ciyawa ta yi tsawo kuma macizai suna yawo a wannan lokaci. A ja musu kunne kada su karya reshe ko su tsinki 'ya'yan itace ba tare da izini ba. Za ki ga itacen da ake kira ƙarya, mai fure ruwan hoda, yana jure fari ƙwarai, amma ruwan jikinsa dafi ne, haka ma ƙwayar bini-da-zugu da ake shinge da shi, don haka kada ki dasa su inda ƙananan yara suke wasa. Ki ba babbar 'yarki littafi da biro ta rubuta sunan kowane itace da abin da mai lambu ya faɗa a kansa, ke kuma ki ɗauki hoton ganye da ɓawo da itacen gaba ɗaya, domin ki nuna wa mai sayar da dashe kada a ba ki wani iri dabam.