API da webhook: na ce soro da ɗan aike, ko akwai mai ja?

Salamu alaikum, masu aikin tattara bayanai da malamanmu masu fassara. Kalma biyu na kawo a yanke musu hukuncin fassara, don tun makon jiya suka hana ni sakat: API, hanyar da wata manhaja ke neman bayani a wurin wata, da webhook, saƙon da manhaja ke turawa da kanta idan sabon bayani ya shigo.

Muna horar da matasan da ke shiga unguwanni da waya suna cike fom a KoboCollect, manhajar waya ta dandalin tattara bayanai na KoboToolbox. Na ce musu amsoshin da suka tura za su wuce DHIS2 ta API, ba sai wani ya zauna ya sake bugawa da hannu ba. Sai wata baiwar Allah a layin baya ta ɗaga hannu: "Malam, shi API ɗin a wane ofis yake zama?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni, don laifina ne.

Ga yadda abin yake. KoboToolbox na ajiye amsoshi a rumbunta. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, kuma a cikinta ake tara alƙaluman asibitocin Najeriya, ita ma da nata rumbun. Gida biyu ke nan, kowanne da katangarsa.

Abokan aiki sun ba ni "gada" a matsayin fassarar API. Ban karɓa ba. Gada ta kowa ce, ba mai tambayarka wane ne kai, kuma a tsakiya take. API kuwa ta gida ɗaya ce, mai gidan ne ya gina ta. "Dillali" ma an ambata, amma wannan suna ya fi dacewa da irin su OpenFn da Zapier, masu shiga tsakani su juya bayanin wannan ya yi daidai da tsarin wancan. Har la'adarsu suna karɓa.

Ni dai soro na gani. Baƙo ba ya kutsa kai cikin gidan mutane. A soro zai tsaya ya yi sallama, a ce wane ne, ya faɗa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, a shiga a fito masa da shi. Bai ga tsakar gida ba, bai san ɗakin da aka ɗauko ba, kuma ko gobe mai gida ya rushe madafi ya sāke masa wuri, soro na nan inda yake. Har amsoshin da API ke mayarwa da lambobi sun yi kama da na soro. Lamba 200, "ga shi". Lamba 401, "ba mu san ka ba". Lamba 404 kuwa ita ce ta yaron da ya leƙo ya ce "wai an ce ba ya nan".

Me ya hana in ce zaure? WhatsApp ta riga ta cinye kalmar. Ka ce zauren manhaja, mutum zai zaci rukunin hira ne. Na san a wasu garuruwan soro ɗaki ne mai rufin ƙasa, ba mashigar gida ba kamar yadda Kanawa ke nufi. 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, ku faɗa mana ko zai shiga kunnenku.

Webhook bai ba ni wahala ba. Jeff Lindsay ne ya ƙirƙiro kalmar a 2007, kuma in ka bi ta baƙi da baƙi sai ka sami "ƙugiyar yanar gizo", wadda ko kifi ba za ta kama ba. Ɗan aike ne. A Kobo, cikin sashen REST Services, za ka rubuta adireshin intanet na inda kake so saƙon ya je, da zarar fom ya shigo sai a tashi ɗan aike da kwafinsa a tsarin JSON ko XML. In ya tarar ba kowa, ya dawo, an jima a sake tura shi. Soro kai ke zuwa ka tambaya, ɗan aike kana zaune zai same ka. Kuma shi ma a soron wancan gidan yake sauke saƙon.

Saura token, doguwar lambar nan da manhaja ke nunawa kafin a saurare ta. "Kalmar sirri" tana da mai ita. "Makulli" bai zauna mini ba, don baƙo ba ya yawo da makullin gidan wani. A takardar horon Litinin "shaida" na rubuta, amma da fensir.