Hanyar ƙauye: dare ya fi aminci ko rana?

Ɗan Saki: Salamu alaikum. Jiya a kasuwar Mile 12 ta Legas na ce tuƙin dare a siririyar hanyar ƙauye ya fi na rana aminci, sai aka yi mini caa. Ina nan kan bakana. Da rana in ka shiga kwana, daji ya tare maka gani, ba ka sanin mai tahowa sai kun yi ido huɗu. Da dare kuwa tun daga nesa za ka ga haskensa yana dukan bishiyoyi, ka koma hannunka. Ba 'yan makaranta, ba masu talla, ba kasuwar da ta cinye rabin kwalta. Shekara 9 ina ɗauko doya daga Saki da Iseyin a jihar Oyo, ko akuya ban taɓa bugewa ba.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa, yaro. Amma fitila mai fitila kawai take nuna maka. Tifar yashi da ta mutu a tsakiyar hanya fa? Na taɓa tasowa daga Epe ta Itoikin wajen ƙarfe biyun dare, ana yayyafi. Sai na ga wani busasshen reshe a kan kwalta, na ɗauka iska ce ta jefo shi. Ashe shi ke nan duk alamar da suka sa. Tifa ce a gabana, bayanta duk laka, ba ja ba fari, yaron motar yana barci a ƙarƙashinta. Da na tsaya, hannu zan miƙa in taɓa bodinta. Gwiwoyina sun fi minti goma suna rawa.

Ɗan Saki: Baba, ai kun tsaya.

Baba Direba: Don a giya uku nake. Kai a nawa kake tafiya?

Makaniken Agege: Oga Ɗan Saki, yi lissafi. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowane sakan. Ƙaramar fitila kuwa da ƙyar take nuna maka mita 50 zuwa 60. Kafin ido ya gani, ƙafa ta sauka kan birki, kusan rabin wannan ya tafi, ga lodi yana tura ka ta baya. In ka kunna babbar fitila kuma, ka makantar da mai tahowa, ya shigo hannunka. Dokar hanya ma kilomita 50 a awa ta ba tirela da tanka a titin da ba babba ba, ba ta ce ban da dare ba.

Autan Idi-Araba: Ni mota mai ido ɗaya, wato mai fitila ɗaya, ce ke ba ni tsoro. Ka ɗauka okada ce, ka bar mata ɗan wuri, sai ta iso ka ga babbar mota.

Ɗan Saki: Wannan kam gaskiya ne. Amma da rana shanu fa? Da masu obatekin a kwana?

Makaniken Agege: Saniya da rana kana ganinta. Kwana kuwa ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka danna hon, ka manne a damanka. Kuma in abu ya faru a dajin Oke-Ogun, yankin Saki da Iseyin, cikin dare, ko ka kira 122 na 'yan rod sefti, sai in da sabis. Su kansu kullum hana tafiyar dare suke yi. Ban ma zo kan gyangyaɗi da 'yan fashi ba.

Hajiya Mai Doya: Ku bar ɗora wa yaron nan laifi shi kaɗai. Mu ne ke kiransa ƙarfe ukun dare muna tambayar ina ya iso, don motar da ta shigo kasuwa da asuba ita ke samun ciniki mai kyau.

Ɗan Saki: Hajiya, Allah Ya biya ki da kika faɗa da bakinki.

Hajiya Mai Doya: To wannan zuwan ka kwana a Iseyin, ka taso bayan sallar asuba.

Ɗan Saki: Na ji. Kuɗin kwanan da na abinci, ni da yarona, a kan wa?

Hajiya Mai Doya: Ka iso tukuna.