Yaya zan juya "Magajiya" da "banza bakwai" zuwa Turanci?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Kakata, Allah ya jiƙanta, 'yar Daura ce, kuma ina da kaset ɗin da muka ɗauki muryarta tana ba mu labarin Bayajidda. Yarana a Ingila aka haife su, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, shi ne nake juya musu labarin. Zuwansa Gaya wurin maƙera da kashe macijin rijiyar Kusugu duk sun tafi lafiya. Wuri biyu na cije. In na kira Magajiya Daurama "queen", 'yata matar wani sarki take hangowa, da kambi a ka. Sai "banza bakwai". Na ga inda aka rubuta "bastard seven", wallahi hannuna ya ƙi rubutawa. Baban yaran Banufe ne daga Bida, kuma Nupe na cikin bakwai ɗin.

Na-Kusugu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki bar Magajiya yadda take. Farkon fitowarta ki ƙara 'yan kalmomi cewa ita ke riƙe da garin, gadon sarautar ta yi, ba aure ya ba ta ba. Daga nan yaro zai riƙe. Abin da na fi jiye miki shi ne sunayen 'ya'yan. Bagwariya, ƙwarƙwarar Bayajidda, ta haihu ta sa wa ɗanta Karɓagari, Daurama ta haihu ta sa wa nata Bawo, wato a maido mata da garinta. Habaicin kishi ne tsakanin mata biyu, da sunan yanka aka yi shi. In ba ki buɗe ma'anar ba, yaran za su ji sunaye ne kawai, gishirin ya zube.

Inna Hadiza, Maraɗi:
'Yata, wanda ya rubuta waccan kalmar bai san gidan sarauta ba. Banza daban, shege daban. Daurama da kanta ta ba Bayajidda Bagwariya, wadda daga ɗanta Karɓagari aka ce banza bakwai suka fito, kuma ɗan sa-ɗaka ɗan halas ne, sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwarƙwara? Ni da zan ce "the other seven", ɗaya bakwai ɗin ke nan, in wuce.

Malam Mai Alli:
Inna, a gafarce ni, ban bi ki a nan ba. Gaskiya ne ba shege ake nufi ba, amma banza akwai raini a cikinta, kuma da gangan aka sa. Masu Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram ne ke ba da labarin, su suka ware Kebbi da Zamfara da su Nupe gefe. In aka goge rainin an canja labarin. Hajiya, ki rubuta Banza Bakwai da Hausa, ki gaya wa yaran ma'anarta da bakinki, ki kuma gaya musu daga bakin wa ta fito.

Maman Ikram:
Na gode, Allah ya saka. Jiya na karanta wa maigidan amsoshinku. Ya ce su a gida Tsoede suka tashi suna ji, wanda ya baro Idah cikin kwalekwale ya kafa sarautar Nupe, Bayajidda kuwa sai a makaranta ya fara jin sunansa. Na kira surukata a Bida, ta ce ran Juma'a bayan la'asar za ta zauna ta ba jikokinta labarin, mu ɗauka a waya.