"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi": ta hau kan jaruman fina-finan jirgin ƙasa?

Malam Sani: Karin maganar daga wasan kura ta fito. Gardi ya ɗaure ta da sarƙa da takunkumi, ita ke shan sanda, shi ke tsince kuɗin 'yan kallo. Ina ganin ta zauna daram a kan fina-finan Amurka na zamanin da babu murya. Ku ɗauki The Hazards of Helen na kamfanin Kalem, kashi 119, daga 1914 zuwa 1917: ma'aikaciyar tangaraho a tasha, kullum tana bin taragon da ya ƙwace ko ɓarayin jirgi. Sunan Helen Holmes ke kan allo, amma akwai tsallen da Helen Gibson ce ta yi mata.

Hajiya Binta: Malam, a yi wa Holmes adalci. Da yawa daga cikin kasadar da kanta ta yi. Ita kuwa Gibson, da Holmes ta bar Kalem a 1915 ita aka ba fim ɗin, har sunan Helen a nan ta samo shi, asalinta Rose ce. Ina ka taɓa ganin kura ta gaji gardi?

Auwalu: Ni inda na tsaya shi ne kalmar "bugu". Kura ba ta shirya wa sanda, Gibson kuwa shiri take. A kashin A Girl's Grit ta diro daga rufin tasha zuwa saman jirgi yana tafiya. Sai da aka auna tazarar rufin da tarago, ta yi ta gwada tsallen jirgi na tsaye, aka ƙayyade gudunsa daidai da daƙiƙa. Matsalar ita ce wanda ya diro daga abin da ke tsaye, da ƙafarsa ta taɓa tarago sai jirgi ya fizge ta gaba, gangar jiki ta koma baya. Haka ta mirgina zuwa ƙarshen taragon, ta cafke bututun shan iska, ta ma bar jikinta yana reto don abin ya ƙara tsoratarwa. Wannan ai "ba a fafe gora ranar tafiya" ce.

Malam Sani: Shiri ba ya sauya wanda ƙashinsa zai karye, Auwalu.

Zainab: Ku ƙara da dabarar mai kyamara. Da hannu ake murɗa ta, kowane juyi hoto 8, juyi biyu a daƙiƙa hoto 16 ke nan. In ya sassauta zuwa 12 aka haska a 16, jirgin da ke kilomita 15 a awa sai ya fito kamar yana 20. In ya sassauta fiye da kima, mutane su riƙa tafiya kamar kiyashi, ɗan kallo ya fashe da dariya a inda ake son ya riƙe numfashi. Wato bugun da muke gani ya fi wanda aka sha, sai dai ko a kilomita 15 ƙafar jirgi ba ta san tauraruwa ba.

Hajiya Binta: In ana neman inda karin maganar ta faɗa ba gyara, to fim ɗin Plunder ne na jaruma Pearl White. A 1922, a New York, John Stevenson ya sa hular gashi da kayan mata, zai yi tsalle daga saman bas ya kama ƙarfen gadar jirgin sama-da-titi a madadinta. Ya kuskure, ƙoƙon kansa ya fashe, ya mutu. Fim ya fito da sunanta.

Auwalu: To, Hajiya, wa ye gardin a nan? Pearl White tun a The Perils of Pauline na 1914 ta ji ciwon baya da bai sake ta ba, shi ya sa ake tsaya mata. Ita ma ta sha sandar. Ni a ganina gardin shi ne kamfanin fim na Pathé, mai tara kuɗin tikiti.

Malam Sani: In haka ne kuraye biyu ne a sarƙa ɗaya, kuma karin maganar kura ɗaya ta ambata. Zainab, kin taɓa jin an faɗe ta da jam'i?