Sa hannun ɗan wasa ya koɗe a kan ƙwallon ɗana: a kan me ya kamata mu riƙa karɓa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kusa da filin wasan Yankees, kuma ɗana mai shekara 11 ya taso da son besbol irin son da muka yi wa ƙwallon ƙafa muna yara. Bara na kai shi kallo, muka isa da wuri, Allah ya sa wani ɗan wasa ya matso bakin shinge ya sa masa hannu a kan ƙwallon da na saya a wani kanti da kuɗi kaɗan. Baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubutu da shi a kan kwali, ita ce a aljihuna, ita na miƙa. Yaron ya ɗora ƙwallon a kan kanta kusa da taga, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. Yanzu wata goma ke nan, tawadar ta yi naso, baƙin ya koma ruwan ƙasa, sunan ma da ƙyar ake karanta shi. Mahaifiyarsa ta ce in bi sawun rubutun da sabuwar tawada, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Shin akwai gyara? In kuma babu, tunda yaron ya ƙudurta ci gaba da tarawa, a kan wane abu sa hannu ya fi daɗewa?

Wani dattijo daga Houston:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bi sawun rubutun, domin da zarar alƙalaminka ya hau kansa ya tashi daga hannun ɗan wasa ya zama naka, kuma masu tantancewa suna gane hakan. Abin da ya koɗe ba ya dawowa. Iyakarka ka hana shi ƙaruwa.

Matsalar ta faro ne tun daga kanti. Ƙwallo mai araha ba fata ce a jikinsa ba, roba ce aka yi wa kamannin fata, kuma sinadaran da ke cikinta suna narkar da tawada a hankali ko da rana ba ta taɓa ta ba. Ka nemi ainihin wanda ake bugawa a babbar gasar MLB, na kamfanin Rawlings, wanda shi ke samar wa gasar ƙwallo tun 1977. Fatar saniya ce, da hannu ake ɗinka ta a Kosta Rika, ɗinki 108 da jan zare. Sai dai ko a kan wannan fata maka ba ta yi, saboda fata tana shan tawadarta ta watsa ta gefe-gefe. Biro shuɗi ake ba ɗan wasa, irin na ɗalibai, kuma masu tarawa sun daɗe da lura cewa ya fi baƙi riƙe launi. Ka gwada shi a takarda tukuna, sannan ka nuna wa ɗan wasan siririn wurin nan da ɗinki biyu suka kusanci juna, a bayan tambari, don nan ne wurin da aka fi daraja. Yaron kuma ya koyi riƙo ta wajen zare, domin maiƙon yatsa yana barin tabo rawaya wanda sai bayan shekaru yake fitowa.

Wata baiwar Allah mai aiki a ɗakin karatu a Maryland:
Baba ya yi gaskiya a kan biro da fata, amma da izininsa ina ganin tagar nan ta fi makar laifi. Babu tawadar rini da ke jure haske. Hasken rana shi ne babba, dogon ƙwan lantarki irin na ofis yana bin bayansa, na LED ne mai dama-dama. Ana sayar da ƙananan akwatunan gilashi ko roba masu tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, kuma suna da amfani, sai dai mutane suna ruɗuwa da su: hasken da ido ke gani ma yana cin launi, kuma ɓarnar taruwa take yi, ta yau a kan ta jiya. Ka tuna littattafan kakanninmu da suka shekara ɗari a cikin gafaka rubutunsu raɗau. Duhu yana cikin abin da ya tsare su.

Saboda haka, Malam, idan daɗewa kake nema ba ado ba, ni ba zan sa ƙwallo a gaba ba. Farin kati mai kauri, wanda babu asid a takardarsa, a sa hannu da fensir ko da alƙalami mai tawadar adana takardu, shi ya fi komai. Bakin fensir ma'adini ne, haske ba ya koɗar da shi, gogewa kawai yake tsoro. A zura katin a ledar adana hotuna wadda ba da robar PVC aka yi ta ba, a sa a kundi a rufe. Kada a kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda laima da funfuna, kada kuma a kai saman rufi saboda zafi. Ɗakin da mutum ke jin daɗin kwana a ciki, mai ɗumin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Celsius, shi ya dace da kayan.

Wani matashi daga Chicago:
Hajiya, yaro ɗan shekara 11 ba zai yi murna da kati a kundi ba, so yake abokansa su gani. Yaya, maka ba abar yarwa ba ce, wurinta ne daban. A kan hoto, ko sandar bugu ta katako, ko hular kwano, shuɗiyar maka samfurin Sharpie tana zama da kyau, in abin mai duhu ne kuma sai a yi da mai ruwan azurfa. Katunan 'yan wasa masu sheƙi sai an ɗan murza musu hoda ko abin goge fensir, in ba haka ba tawadar takan dunƙule ɗigo-ɗigo. Riga ce ba na ba da shawara a kai, don zare yana jan tawada.

Dattijon Houston ya ƙara da cewa:
Na manta abu ɗaya. Wani zai ce maka ka shafa wa ƙwallon banish ko ka fesa masa man gashi don ya kare rubutun. Mutanen zamanin Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol da ya rasu a 1948, sun yi ta shafa banish, kuma ƙwallayen da aka shafa wa sun yi duhu, wasu sun tsattsage, darajarsu ta faɗi ƙasa da ta waɗanda aka bari yadda suke. In kuma wata rana za ka saya ne maimakon ka karɓa da hannunka, ka yi hattara, jabu ya yi yawa. Bayan binciken da hukumar FBI ta yi wa masu buga sa hannun ƙarya, MLB ta kafa tsarin tantancewa a 2001, inda ake manna ɗan tambari mai walƙiya da lambar da za ka iya dubawa a intanet. Akwai kuma kamfanonin tantance sa hannu irin PSA da JSA da Beckett. Amma ga yaro, gara atisayen share fage da ƙungiyoyi ke yi a Florida da Arizona cikin Fabrairu da Maris, inda 'yan wasa suka fi sakin jiki da 'yan kallo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke ƙwallon daga kanta, na ɗauki hotonsa tun sauran rubutun bai ɓace ba, kuma hoton za mu rataya a bango, shi kuwa ya shiga kwali a cikin kabad. Yaron ya ɗan ɓata rai, sai da na yi masa alkawarin ƙwallon fata da biro biyu kafin wasan da za mu je a wata mai zuwa. Hajiya, saura tambaya ɗaya: cikin kwalin, in naɗe shi da ƙyalle ne ko in bar shi haka?

Baiwar Allah daga Maryland:
Kada ka sa ƙyalle mai rini, kada kuma ka sa jarida, don dukansu suna zuba. Farar takarda marar asid ta isa, ka naɗe shi sako-sako yadda iska za ta ratsa, gefen rubutun yana kallon sama.